Ramuka Bakwai a Bayan Ganuwa

Ranar Laraba ce, hantsi bai gama ɗagawa ba, Wasila ta faɗo mini zaure tun sallamarta ba ta ƙare ba. Ina zaune ina ɗinke takalmi, don a shekarar nan ba ni da aikin da ya wuce wannan. Sunana Illa, bin sawu ne sana'ata tun ina saurayi. Raƙumi ya ɓata a Garagumsa, a aiko mini. An kore shanu a Gidimuni, a aiko mini. To farin tamanin da huɗu ya zo ya cinye dabbobin, ɓarayi suka rasa abin sata, ni kuma na rasa wanda zan bi.

Ta ce, "Malam Illa, an tone gawon Ramlatu."

Ramlatu matata ce, wata uku ke nan da rasuwarta a lokacin. Ban san sa'ad da na ajiye basilla ba.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba za ku ce tsohon nan ya ruɗe, yana kuka a kan tsiro. Mu 'yan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a inuwa muka tashi. Tsakanin duwatsun nan da kuke gani tsirara yau akwai gawo, akwai kurna da aduwa da tsamiya, tapkin bayan ganuwa kuwa har balbela take kwana a kansa. Kakana ya sha gaya mana cewa sarakunan Damagaram na dā sun hana sare gawo, hani mai tsanani, shi ya sa muka tarar da su manya-manya. Farin saba'in da uku ya fara aika su murhu, gari ya yi ta faɗi, sauran suka bi. Ma'aikatan gandun daji suka kawo bedi, wato dogon yaro. Ban raina bedi ba, yana da inuwa, amma ba ya ba akuya abinci da rani, kuma in ka zauna ƙarƙashinsa ba ya tuna maka da kowa.

Matan unguwa ne suka ce ba su yarda ba, Ramlatu da aminiyarta Wasila a gaba. Suka shiga motar Mirriya ran kasuwa, suka je suna tsintar kashin awaki a ƙwarya, don irin gawo ba ya saurin tsirowa sai ya bi ta cikin akuya. Maza muka yi ta yi musu dariya, ni ne ma kan gaba, Allah ya yafe mini. Mai unguwa ya ba su filin bakin busasshen tapki, samari suka kewaye shi da ƙaya, ya zama gandun mata. Tsiro arba'in da ɗaya, gawo da kurna da aduwa, kowane gida da nasa, kowace mace ta ɗaura wa nata tsumma don kada a yi musu. Na Ramlatu shuɗi ne, bakin wani tsohon zanenta.

Damina ta ƙi zuwa. Ruwa kuwa a Damagaram dā ma can wahala ne, balle a shekarar da sitarni, motar ruwa, ke shigowa unguwa sau ɗaya a kwana uku. Sai matan suka kafa doka: ba a zubar da ruwa a ƙasa. Duk ruwan da ya gama aikinsa a gida, na wanki ne, na wanke-wanke ne, na wanka ne, a kai shi gandu. Haka suka raya tsirran nan wata bakwai, da ragowar ragowa.

*

Kafin in isa, rabin unguwa ta riga ni. Kai, ban taɓa jin haushin mutanenmu kamar ranar nan ba. Kowa ya shiga, kowa ya tattake, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa sawun da shi ne ya yi shi yanzun nan. Na daka musu tsawa suka fita bayan shinge.

Gawo bakwai ne a gandun, duka bakwai babu. Ba a taɓa kurna ba, ba a taɓa aduwa ba. Ramuka ne kawai a jere, an buɗe ƙaya ta gefen arewa, ga kashin akuya ɗanye a tsakiya.

Akuya ɗaya ce ta rage a kusa da wurin, ta Habu. Habu baƙo ne, manomi daga wani ƙauye a bayan Garagumsa, yunwa ta koro shi da matarsa Tani da 'yarsu ƙarama. 'Yar ba ta yi mako a Damagaram ba ta rasu. Mai unguwa ya bar shi ya kafa bukka a jikin shinge, shi kuma yana lura da gandun. To ga mai gadi, ga akuyarsa, ga ɓarna. Mutane ba su nemi ƙarin bayani ba. Wasu na cewa a rushe bukkar, wasu na cewa a kai shi wa jandarma, kowa kuma ya san inda baƙon da aka kora zai nufa a shekarar nan: filin 'yan gudun yunwa na bayan gari, inda ake fitar da gawa kullum. Tani kuwa cikinta ya tsufa.

Mai unguwa ya tambaye shi ko ya ga wanda ya shiga. Habu ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai tone ba. Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka, ko kalma bai ƙara ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa bayan sallar Juma'a."

Ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya ce ya ba ni, amma in Juma'a ta sauko babu wani suna, Habu zai kwashe kayansa.

*

Na durƙusa ina duban abin da ƙafafun unguwa suka bar mini. Bai da yawa, amma ya ishe ni farawa. Sawun akuya a kan ƙasar da aka fitar daga ramuka yake, ke nan an gama tono kafin ta shigo, ƙofa ta samu a buɗe kamar yadda kowace akuya mai hankali za ta yi. Sa'annan akuya ba ta haƙa rami, gutsira take yi ta bar kututture. Na zura hannu a rami ɗaya, sai da kafaɗata ta taɓa ƙasa. Wanda ya yi aikin nan ya san gawo saiwa ɗaya yake saukarwa doguwa, ya bi ta har ƙarshe bai tsinke ta ba.

Akwai sawun jaki a bakin shinge, da sawun takalmin taya irin wanda rabin maza garin nan ke sawa. Ramukan kansu sun tsaya mini a rai. Akwai abin da ke cikinsu wanda idona ya sani, amma kaina ya ƙi kawo shi. Guda ɗaya ne bakinsa bai rushe ba, na Ramlatu, don mutane sun ji kunyar taka shi. Na aika aka kawo mini tsohuwar tabarma na rufe shi, na danne da duwatsu, na ce duk wanda ya ɗaga ta shi ne ɓarawon.

Na shiga bukkar Habu. Tani ta shimfiɗa mini buhu, ta ba ni haƙuri wai ba ruwan da za ta ba ni. Na yi masa magana a hankali, na yi da faɗa, na gaya masa na san akuyarsa ba ta da laifi, na san shi ma ba shi ne ba, don hauyarsa na gani a rataye da tsatsa. Na ce mutumin da ke kwana a jikin shinge ba zai ce bai ji an ja ƙaya ba. Ya ce bayan sallar asuba ne, gari ya fara haske. Daga nan ya kama bakinsa.

"Ka gan shi ke nan."

"Baba, ka bar ni. In tafiya ce, Allah yana can ma."

Tani ta juya mana baya tana share ido da gefen mayafi. Na fito raina a ɓace. Amma na ƙaru da abu ɗaya: ba tsoro ke rufe bakin Habu ba. Na san fuskar mai tsoro, na kama su da yawa. Wannan fuskar mai jin nauyi ce.

*

Wa ke son saiwa? Mai magani. Da la'asar na nufi Zango wurin Mai Nasara, mai baza sassaƙe da saiwoyi a kan buzu kusa da tasha. Mutane biyu sun gaya mini sun gan shi yana zagaya shingen gandun a makon nan. Na zauna muka gaisa, na yi kamar ciwon baya ya kawo ni, ina ta juya ƙullin saiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ba yaro ba ne. Ya ce in bayan nan nawa gawo yake nema, in faɗa masa kai tsaye.

Ya amsa ya je gandun, sau uku ma. Ganyen kurna yake roƙo wurin mata, na wankan gawa, don kurnar daji duk an sassare, masu mutuwa kuma ba su ragu ba. Ya ce saiwar tsiron wata bakwai ba ta fi tsinken sakace ba, wane magani za ta yi? Ya ƙara da cewa shi in zai ɗebi saiwa, gefe yake karta ya yanki abin da zai yanka ya mayar da ƙasa, bai taɓa haƙa rami mai zurfin hannu ba, bayansa ma ba zai bar shi ba. Na dubi wuƙarsa da 'yar fartanyarsa, na san gaskiya ya faɗa. Na tashi, ya bi ni da ƙullin maganin baya, wai ko da na wasa ne ciwon.

Washegari na bi sawun jaki. Wannan kam na ji daɗinsa, na tuna ƙuruciya. Jakin yana jan ƙafar baya ta hagu, na bi shi ta lungun majema, ta bayan masallaci, har ƙofar gidan Alkasum magini. Zuciyata ta ce shi ke nan. Kowa ya san Alkasum ya daɗe yana zawarcin filin nan, ya je meri, ofishin magajin gari, ya fi a ƙirga yana neman a yanka masa shi ya yi shaguna, kuma ya sha cewa gandun mata wasan yara ne.

Na same shi yana kwaɓa ƙasa da ruwan da ko jaki ba zai sha ba. Bai musa jakinsa ne ba. Ya ce ƙasar gini yake ɗiba a cikin busasshen tapki, kullum ta nan yake bi. Ya ce filin yana so, har gobe yana so, ba zai ɓoye ba, amma da shi ne da duka arba'in da ɗaya zai tumɓuke da hannu ɗaya ya watsar, me zai zaunar da shi yana lallaɓa saiwa? Na koma na sake duba sawun. Jakin a wajen shinge ya wuce, zuwa da sauƙi, dawowa da nauyi, bai ko tsaya a ƙofar da aka buɗe ba. Na ɓata rabin yini a kan gurgun jaki, ga Juma'a gobe.

*

Da azahar na leƙa gidan Wasila. Ta fito soro idonta jawur. Na tambaye ta yadda gawon suke kafin a tone su. Ta ce gaskiya ganyensu ya fara rawaya tun watan jiya, na Ramlatu ya fi kowanne. Na ce ya aka yi haka, alhali ni ruwan alwalata kaɗai nake kai masa? Sai ta fashe da kuka. Ashe tun ranar da aka yi sadakar uku, matan unguwa suka haɗa baki: duk wadda ta kai ruwa gandu sai ta rage wa gawon Ramlatu, don sun ga ni namiji ne ni kaɗai, ruwan buta ba zai ishe shi ba. Gida goma sha wani abu ke shayar da shi a ɓoye, ban sani ba.

Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa sukar aikin ban da Alkasum. Ta ce masu surutu ba sa ƙarewa. Ladan ya ce suna tara sauro. Baba Dodo mai haƙa kabari ya tare su a hanya har sau biyu yana faɗa, wai ruwansu ne ke kashe itacen, wai sabulu da toka da kanwa ne a ciki, na gidajen majema kuma har da jima. Suka ce masa tsoho, ka ji da matattunka, ka bar mu da masu rai. Ta ce ita ce ma ta faɗi haka, matan suka yi shewa. Na saurara, amma ban ɗauki maganar da nauyi ba. Baba Dodo faɗa yake yi da kowa, har da kaji.

Ina fitowa aka ce wani dattijon majemi ya rasu, za a kai shi bayan la'asar. Na bi gawa don zumunci, raina yana can wurin Habu.

Muka isa maƙabarta, aka ajiye makara, na tsaya a bakin kabari ina kallon ƙasa kamar yadda kowa ke yi. A nan abin ya faɗo mini. Tsawon ramin kudu da arewa. Babban rami a sama, siririn rami a cikinsa, da 'yar kafaɗa a kewaye inda ake jera itace. Bangon a miƙe, an sassaƙe shi sumul da dagi. Busasshiyar ƙasar sama an tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa mai danshi gefe ɗaya, ba a gauraya ba. Ramin da na rufe da tabarma ƙaramin kabari ne.

Na ɗaga ido. Baba Dodo na tsaye can gefe, ya dogara da daginsa, ƙasa har gira. Shekara arba'in yana wannan aiki, shi ya haƙa na ubana, shi ya haƙa na Ramlatu. Shi ne kuma ya haƙa na 'yar Habu, ranar da ba wanda ya san sunan uban balle na 'yar, ya ɗauke ta a hannunsa, ya tara mutum huɗu suka yi mata salla. Na gane nauyin da ke fuskar Habu.

Ban yi masa magana ba. In na je na ce wa unguwa Baba Dodo ne, za su ce Illa ya rasa sawu ya laƙa wa tsoho. Mutanenmu sai sun gani da idonsu.

*

Bayan an sauko Juma'a aka taru a bakin gandu, maza a gaba, mata a bayan shinge. Habu ya riga ya ɗaure kayansa a buhu biyu, akuya na jikin turke. Na roƙi mai unguwa ya kira mini Mai Nasara da Alkasum da Habu, na ce kuma a ɗauko Baba Dodo, tun da magana ta haƙa ce, a samu gwani a wurin. Ya zo yana mita, wai an taso shi yana da aiki biyu a gaba.

Na ce tun da an tone mana bakwai, za mu dasa wasu, kowanne cikin huɗun nan ya haƙa mana rami ɗaya mai zurfin hannu. Alkasum ya ce wannan wane irin shari'a ne. Mai unguwa ya ce ya haƙa.

Habu ya yi nasa zagayayye, baki faɗi gindi tsukakke, irin na manomi, ƙasa ta ko'ina. Alkasum ya yi nasa kusurwa huɗu daidai wa daida kamar zai kafa ginshiƙi. Mai Nasara ya karci ƙasa ta gefe ya ce bayansa ya riƙe, aka yi dariya. Baba Dodo bai fara ba sai da suka gama. Ya dubi tabarmar da na danne da duwatsu, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na san ya gane, shi ma ya san na san ya gane. Ya yi bismilla, ya juya ya daidaita gabas, ya kafa dagi.

Da ya gama, na janye tabarma. Ramuka biyu kusa da juna, kamar hannu ɗaya ya haife su, don kuwa hannu ɗaya ne. Na ji wata mace a bayan shinge ta ce innalillahi a hankali.

Mai unguwa ya ce, "Baba, kai ne?"

"Ni ne. Na gaya musu sau biyu, suka ce in ji da matattuna. To na ji da su." Ya goge dagin da tafin hannu. "Kurna da aduwa za su jure, gawo ƙarami ba zai jure ba. Da na bar su mako biyu, da tsumman kawai za ku tarar."

Aka tambaye shi don me ya bar baƙo cikin zargi kwana biyu. Ya ce daga asuba zuwa magariba yana cikin rami, kunnensa kuma kowa ya san halinsa, sai jiya wurin jana'izar majemi ya ji ana maganar. Ya ce ya yi niyyar zuwa da kansa in ya rufe na hannunsa. Sa'annan ya juya wurin Habu ya hau shi da faɗa, wai wane irin sakarai ne zai bar a kore shi da mace mai ciki don tsohon da ƙafarsa ɗaya ke kabari. Habu kuwa hawaye kawai yake yi.

Wasila ce ta yi tambayar da ke bakin kowa, daga bayan shinge. Ta ce, "Baba, suna ina?"

Ya ce, "Inda ake zuba ruwa mai tsabta kullum a garin nan. Wuri ɗaya ne ya rage."

*

Maza muka bi shi, mata suka tsaya a bakin hanya, don mace ba ta shiga maƙabarta. Gaskiyarsa ne. Ko a shekarar da mutum ke auna ruwan sha da ludayi, ba wanda ya taɓa kawo gurɓataccen ruwa wurin binne mamaci. Da mai kyau ake kwaɓa ƙasar rufi, da shi ake yayyafa wa kabari, masu sadaka kuma ba su bar tanon ruwan maƙabarta ya bushe ba. Akuya ba ta shiga, mai gatari ba ya shiga.

Ya wuce da mu can ƙuryar kudu, inda yake binne 'yan gudun yunwa. Ƙananan kaburbura ne a jere, babu dutse babu alama, iyayen da yawa sun riga sun wuce gaba. A wajen kan guda bakwai ga gawo bakwai, kowanne da 'yar rumfar kara, kowanne da tsummansa. Ya ce waɗannan ba mai zuwa ya tuna inda suke, shi kuma ya tsufa, ya fara mantawa.

Na hangi shuɗin tsumma tun daga nesa. Na je na durƙusa. Ganyen ya yanƙwane, amma akwai ɗan toho kore a ƙasa. Ina nan durƙushe sai na ji mutum ya durƙusa kusa da ni. Habu ne. Ashe kabarin Ladi ne, 'yarsa.

Baba Dodo ya tsaya a kanmu. Ya ce bai zaɓa ba, a kwando ɗaya ya kwaso su, wanda ya zo hannunsa shi ya dasa. Ya ce in ina so ya mayar mini da shi wurin Ramlatu, ga ta can ba nisa, amma in sani gawo ba ya son a tashe shi sau biyu.

Ina so. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina so ƙwarai. Amma Ramlatu shekara ashirin da biyu muka yi Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ban taɓa ganin yaro ya wuce ƙofar gidanmu da rana ba ta kira shi inuwa ba.

Na ce, "A bar shi, Baba. Ya samu wurinsa."

Da muka fito muka gaya wa mata. Wasila ta juya ta tafi gida. Muna nan tsaye sai ga ta da moɗa cike da ruwan randa, na sha, ta miƙa wa Baba Dodo da hannu biyu tana durƙushe. Ta ce ita ba za ta ƙara ganinsu ba, ya kai musu. Daga ranar nan har damina ta sauka, kullum da safe akwai moɗa bakwai a bakin ƙofar maƙabarta. Ruwan wanki kuwa aka koma tace shi da yashi kafin a kai gandu. Habu ya kwance buhunansa, Tani ta haihu a unguwarmu, mata suka yi mata wankan jego da ruwan da ban san inda suka samo shi ba.

Yau in kun je bayan ganuwa ba za ku ga gandu ba. Kurna ɗaya ta rage a tsakanin shaguna, masu gyaran babur ke zama ƙarƙashinta. Ba Alkasum ne ya gina su ba, ya rasu bai samu filin ba. Cikin gawo bakwai uku sun mutu a bazarar farko, huɗu suka kama. Sun fi bangon maƙabarta tsawo nesa ba kusa ba, in rani ya yi suna yin kore shar, mata na hango su daga hanya. Wasila har ta tsufa in za ta kasuwa ta nan take zagayawa.

Habu ya karɓi dagin Baba Dodo, shi ya haƙa masa nasa. Tsumman ya ruɓe tuntuni, amma ni da Habu mun san wanne ne. Ran Juma'ar da ta wuce na je ziyara, na same shi zaune a gindinsa yana hutawa, shi ma furfura ta cika masa kai. Na nuna masa wani ɗan fili a gefen inuwar, na tambaye shi ko akwai kowa a nan.

Ya ce, "Babu, Baba. Shekara nawa ina kewaye shi, ina ajiye maka."